Haɗa Sinadarai Masu Zoben Naitirojin Ba Tare da Ƙarfe Ba: Darasin Karofi da Sharuɗɗan Ɗakin Gwaji

1.0 Gabatarwa

Maƙasudin wannan takarda shi ne a duba wata hanya da masana kimiyyar haɗa sinadarai suka ba muhimmanci ƙwarai tun daga shekarar 2000, watau gina sinadarai masu zoben naitirojin ba tare da an nemi taimakon ƙarafa masu tsada ko masu guba ba. Ra'ayin da zan kare shi ne, rashin ƙarfe a cikin tukunyar haɗi abu ne mai kyau, amma shi kaɗai bai isa a ce aiki ya tsabtata ba. Tsabtar aiki lissafi ce: me ya shiga, me ya fita, ina ragowar ta tafi. Zan kafa hujja da wata sana'a da kowa a zauren nan ya sani, watau rini, domin shunin da ke cikin karofi yana daga cikin tsofaffin sinadarai masu zoben naitirojin da ɗan Adam ya sarrafa.

Ya kamata in fara daidaita kalmomi biyu. Ƙwayoyin zarra na kabon sukan riƙe hannun juna su yi layi, ko kuwa layin ya lanƙwaso ya haɗe baki ya zama zobe, yawanci mai kusurwa 5 ko 6. Idan ɗaya ko fiye daga cikin mazauna zoben nan naitirojin ne, to shi nake kira zoben naitirojin. Kalma ta biyu ita ce wadda Turawa ke ce wa katalis, watau abin da ake sakawa kaɗan domin ya hanzarta haɗuwar wasu sinadarai, amma shi kansa bai shiga cikin abin da aka samu ba. Ni a nan zan kira shi mazugi. Mazugin maƙera ba ya zama garma, ba ya zama lauje, amma in ya tashi aiki ya tsaya. Sa'an nan in na ce ƙarfe, ba baƙin ƙarfe kaɗai nake nufi ba, har da paladiyam da nikel da jan ƙarfe da dalma da danginsu.

2.0 Inda zoben naitirojin ya shafe mu

Wani zai ce wannan magana ta ɗakunan binciken Turai ce. To, a shiga kasuwar Shinkafi ko ta Ƙaura Namoda a duba. Abin da ke hana mai cin goro barci, watau kafin, zobba biyu ne a manne masu naitirojin 4. Nikotin na taba zobba biyu ne, kowane da naitirojin guda. Yajin masoro ma daga irin wannan zobe yake. A rumfar mai maganin feshi, atarazin da farakwat duk 'yan gidan ne.

A fannin magani abin ya fi yawa. A shekarar 2014 Njardarson da abokan aikinsa a Jami'ar Arizona suka ƙididdige magungunan da hukumar magunguna ta Amurka ta amince da su, suka tarar kashi 59 cikin 100 na ƙananan sinadaran suna ɗauke da zoben naitirojin. Kwinin da aka ware daga ɓawon itacen sinkona a 1820, da kulorokwin da aka haɗa a Jamus a 1934, zobensu ɗaya ne, shi ne kwinolin. Amodayakwin da firimetamin, waɗanda ake raba wa yara ƙanana gida gida a lokacin damina a Moriki da Zurmi da sauran garuruwan Zamfara don rigakafin zazzabin cizon sauro, bisa shawarar da Hukumar Lafiya ta Duniya ta bayar a 2012, su ma haka. Haka metironidazol na ciwon ciki, da albendazol na tsutsa, da isoniyazid na tarin fuka, da farazikwantel na tsargiya, da nifedifin da amlodifin na hawan jini. Sai dai atemisinin ya fita zakka, don babu naitirojin ko ɗaya a jikinsa. Yawancin ainihin sinadaran nan kuwa daga Indiya da Sin ake shigo mana da su, a nan gida sai dai a dunƙula su zama ƙwaya a zuba a kwali. Ke nan duk wata hanya mai sauƙin kuɗi ta gina zoben, wadda ba ta bukatar kayan da ba mu da su, magana ce da ta shafe mu kai tsaye.

3.0 Laifin ƙarfe

Ba za a yi wa ƙarfe butulci ba. Hanyoyin ɗaure kabon da kabon ta amfani da paladiyam, waɗanda suka sa aka ba Heck da Negishi da Suzuki kyautar Nobel a 2010, sun sauƙaƙa ayyukan da a da suke gagara. Amma suna da nauyi uku. Na farko tsada: Rasha da Afirka ta Kudu ne ke haƙo mafi yawan paladiyam na duniya, kuma a watan Maris na 2022 farashin oza guda ya haura dala 3,000. Na biyu, ƙarfen yakan maƙale a cikin maganin, musamman da yake naitirojin na zobe yana da son kama ƙarfe. Ƙa'idar ƙasa da ƙasa ta 2014 ta iyakance paladiyam da mutum zai haɗiya a rana ga maikirogiram 100, watau kashi ɗaya cikin goma na miligiram, dalma kuwa maikirogiram 5 kacal. Don a sauko da ƙarfe zuwa wannan mizani sai an yi ta wanki da tacewa, kowane wanki kuwa sabon ruwan datti ne.

Na uku shi ne, ƙarfe ba ya ruɓewa. Mu mutanen Zamfara ba ma bukatar a yi mana dogon bayani a kan wannan. A shekarar 2010 aka gano gubar dalma a ƙauyukan Anka da Bukkuyum, inda ake niƙa dutsen zinariya a cikin gidaje, yara aƙalla 400 suka rasu, kuma sai da aka kwashe ƙasar tsakar gidaje aka zuba sabuwa, ba a yi aikin Bagega ba sai 2013. Wannan masifa ba ta da alaƙa da mazugan ɗakin gwaji, kada a fahimce ni a karkace. Abin da ta koya mana shi ne, sinadarin kabon ko ba daɗe ko ba jima rana da ƙwayoyin ƙasa za su cinye shi, amma ƙarfe in ya shiga ƙasa yana nan sai an ɗauke shi da shebur.

4.0 Karofi

Yanzu in juyo ga rini, kuma a nan zan ɗan daɗe, don a ganina ba mu ba shi haƙƙinsa ba a azuzuwanmu na kimiyya.

Shuni zobba ne irin na indol guda biyu a haɗe, yana da kabon 16, haidurojin 10, naitirojin 2, oksijin 2. Abin mamaki shi ne, babu shuni a cikin ɗanyen ganyen baba. Abin da ke ciki shi ne indikan, wanda ba shi da launi, kuma rabin shuni ne da aka ɗaure wa sukari a baki don kada ya motsa. A wani ɗaki daban na cikin ƙwayar ganyen akwai enzayim mai yanke wannan sukari. Idan aka yanki baba aka kirɓa, ko aka jiƙa, sai bangon da ke tsakaninsu ya rushe, enzayim ya yanke sukarin, a sami indoksil. Shi kuwa indoksil ba ya iya zaman kaɗaici a gaban iska: biyu biyu suke haɗuwa da taimakon oksijin su zama shuni. Haka abin yake a ganyen talaki, wanda Yarabawa ke rinin adire da shi. Ke nan mataki na ƙarshe na ginin wannan sinadari ana yinsa ne a ruwa, a zafin gari, da mazugi na halitta da iskar Allah. Mai bincike na yau in ya sami hanya mai waɗannan siffofi, sai ya buga ta a babbar mujalla.

Matsalar marini ta biyu ita ce shuni ba ya narkewa a ruwa, abin da bai narke ba kuwa ba ya shiga zare. Nan ne aikin karofi. Ana zuba ruwa a ramin da aka shafe da laso, a zuba baba da toka da katsi, a rufe, a riƙa motsawa, har kwanaki su wuce. Toka da katsi su ne ke ba ruwan kaifin alkali. A cikin wannan kaifi, kuma a ƙasan rami inda iska ba ta kaiwa, wasu bakteriya masu jure alkali suke cin ragowar ganye, su miƙa wa shuni lantarkin da suka samu daga abincin. Da ya karɓa sai ya juye ya zama farin shuni, mai narkewa, mai ruwan ɗorawa da ɗan kore. Shi ne ke ratsa zare. In an tsamo tufa aka shanya, iska ta karɓe abin da bakteriya suka bayar, shuni ya koma yadda yake, amma yanzu a cikin zare, ba shi da hanyar fita. Wanda ya taɓa tsayawa a bakin karofi ya ga tufa ta fito kore ta koma shuɗiya a gaban idonsa, ya ga wannan juyi ke nan. Masu bincike a Ingila sun ware irin wannan bakteriya daga tukunyar rinin gargajiya ta Turai a 1999, suka sa mata suna Clostridium isatidis, 'yan Japan kuma suka ware wasu na dangin Alkalibacterium daga tasu tukunyar.

Abin da ya fi burge ni shi ne katsi. In rami ya mutu, ba a zubar da laka da ta kwanta a ƙasansa. Ana kwashe ta, a cura, a shanya, a ƙona, ta zama katsi, wanda zai koma cikin sabon haɗi, ko a gauraya shi da gashin jima da dafara a yi laso na shafe rami da soro. Sharar jiya ita ce kayan aikin gobe. Da wannan tsari Kano da garuruwanta, musamman Kura, suka rina tufafin da Heinrich Barth ya yi mamakin yawansu a 1851, waɗanda fatake ke kaiwa har Agadas da Tambutu da Tarabulus. Marinar Ƙofar Mata, wadda ake danganta kafuwarta da shekarar 1498, har yanzu shaida ce.

To, me ya karya wannan ciniki? Kimiyya ce. Adolf von Baeyer ya gano siffar shuni a 1883. Shekara guda kafin haka, shi da Drewsen sun haɗa shi daga naitirobenzaldehaid da asiton a ruwan soda, cikin 'yan mintoci, ba tare da wani ƙarfe mai tsada ba. Amma hanyar ba ta ci kasuwa ba, domin kayan farawar suna da tsada. Wadda ta ci ita ce ta Heumann ta 1890, da gyaran da Pfleger ya yi mata a 1901. Kamfanin BASF ya fito da shunin masana'anta a 1897. A wannan shekara shunin ganye da duniya ta samar ya kai kimanin tan 19,000, zuwa 1914 ya faɗo kusan tan 1,000. Manoman Indiya ne suka fara jin jiki, mu kuma galura ta biyo jirgin ƙasa ta same mu, jirgin da ya iso Kano a 1911, ya kai Ƙaura Namoda a 1929. Shunin masana'anta ana gina shi ne daga anilin da fomaldehaid da sayanaid, a narkakken alkali mai tsananin zafi, sa'an nan a maimakon bakteriya ana narkar da shi da hodar haidurosalfait, wadda ragowarta ke gurɓata ruwa ta kuma ci bututu. Ita ce hodar da masu rinin zamani ke zubar da ruwanta a kwatocin unguwanninmu.

Kada kuma mu wuce gona da iri wajen yabo. Karofi yana da jinkiri, shunin da ke cikin ganye kaɗan ne, kuma rami yakan lalace marini bai san dalili ba. Gonakin da za su ciyar da masaƙun wandon jins na duniya da baba zalla, sai an ƙwace su daga gero da dawa. Abin koyi a karofi tsarinsa ne: ruwa, zafin gari, mazugi marar guba, da sharar da ke komawa aiki.

5.0 Mazugan da ba ƙarfe ba

Yawancin mashahuran hanyoyin gina zoben naitirojin sun girmi zamanin paladiyam, kuma asid ko alkali kawai suke bukata. Akwai ta Skraup ta 1880 mai ba da kwinolin, da ta Hantzsch ta 1881, da ta Fischer ta 1883 mai ba da indol, da ta Biginelli ta farkon shekarun 1890, da ta Pictet da Spengler ta 1911. Aibinsu shi ne zafin asid, da yawan wuta, da ƙarancin abin da ake girba. Hanyar Skraup ma ta yi suna wajen tafasowa ta fi ƙarfin mai ita. Aikin zamaninmu shi ne a riƙe hikimarsu a sauya musu mazugi.

Bari in ɗauki ta Biginelli don a ga lissafi. Ana zuba abu uku a tukunya ɗaya: benzaldehaid mai nauyin 106, da etil asitoasitet mai nauyin 130, da yuriya, watau takin nan da manomi ya sani, mai nauyin 60. Jimla 296. Abin da ke fitowa zobe ne mai naitirojin 2, nauyinsa 260, ragowar 36 kuwa ruwa ne zalla. Watau kashi 88 cikin 100 na abin da aka zuba yana iya zama cikin abin da ake nema. Wannan ma'auni shi ne Barry Trost ya kira tattalin zarra a 1991. In aka yi wa hanyar Baeyer da Drewsen irin wannan lissafi, kashi 63 za a samu. Hanyar Hantzsch ma ruwa ne shararta, kuma da ita ake yin nifedifin.

Ina sabon abu yake ke nan? Yana wajen hannu. Sinadarai da yawa suna zuwa iri biyu, kamar tafin dama da na hagu, kamanninsu ɗaya amma ba sa shiga safar hannu ɗaya. Jikin mutum yana bambanta su. Farazikwantel misali ne: hannu ɗaya ne ke kashe tsutsar tsargiya, ɗayan kuwa shi ya fi kawo ɗacin da ke sa yara tofarwa. Asid na kwalba ba ya zaɓen hannu, rabi da rabi yake bayarwa. An daɗe ana ɗauka cewa enzayim da ƙarfe ne kaɗai ke iya zaɓe, ko da yake tun 1912 Bredig da Fiske sun ga alamar haka da kwinin, kuma a farkon shekarun 1970 Hajos da Parrish a Amurka, da Eder da Sauer da Wiechert a Jamus, sun yi nasara da furolin. Ba a ɗauki abin a matsayin fanni ba sai 2000, lokacin da Benjamin List da Lerner da Barbas suka nuna furolin yana iya haɗa sinadarai biyu mabambanta da zaɓen hannu, David MacMillan kuma ya fito da nasa mazugin ya raɗa wa fannin suna. List da MacMillan suka karɓi kyautar Nobel a 2021. Abin lura, furolin kansa zoben naitirojin ne mai kusurwa 5, yana cikin naman jikinmu, ya fi yawa a fata da jijiya. Zobe ne ke gina zobe.

Yadda yake aiki ba shi da wuyar fahimta. Naitirojin na furolin yakan kama ɗaya daga cikin masu haɗuwar na ɗan lokaci, ya zaburar da shi, sa'an nan ɓangarensa mai tsami ya riƙo na biyun ya jawo shi ta gefe guda tak. In haɗi ya ƙullu sai ruwa ya kwance furolin, ya koma ya kamo wasu. Daga baya aka sami wasu iyalai: tiyoyuriya, wadda ke riƙo da ɗaurin haidurojin kawai, da ita Jacobsen ya sarrafa hanyar Pictet da Spengler a 2004, da kuma asid na fosfet masu hannu, waɗanda Akiyama da Terada suka fito da su a Japan a wannan shekarar, Gong kuma ya yi Biginelli mai zaɓen hannu da su a Sin a 2006.

Abin ya fita daga ɗakin gwaji ya shiga masana'anta. Letamobir, maganin wata cutar bairos da ke kama waɗanda aka yi wa dashen ɓargo, yana da zoben kwinazolin. Kamfanin Merck ya sake tsarin haɗa shi, ya rufe zoben da mazugi marar ƙarfe mai zaɓen hannu, a maimakon a yi hannu biyu a zubar da ɗaya. Yawan kayan da ake kashewa kan kowane kilo ya ragu da kashi 73 cikin 100, aka ba su lambar yabo ta tsabtataccen haɗi ta Amurka a 2017.

Akwai kuma reshen da ya fi kusa da aljihunmu. A 2003 Abbott da jama'arsa a Jami'ar Leicester suka nuna cewa in aka gauraya kolin kuloraid da yuriya, ɗaya bisa biyu, waɗannan daskararru biyu sukan narke su zama ruwa mai daskarewa a digiri 12 kawai. König a Regensburg ya bi wannan sawu da asid na tatarik da dangin yuriya, ya gudanar da hanyar Biginelli da ta Fischer a cikin narkakken haɗin, ruwan narkarwa da mazugi duk abu guda. Asid na tatarik kuwa shi ne tsamin tsamiya, wadda ke zuba a ƙasa a dazuzzukanmu, kamar yadda asid na sitirik yake tsamin lemo.

6.0 Inda ake yaudarar kai

Nan ne nake roƙon malamai masu duba kundayen ɗalibai su saurare ni. Kalmar "babu ƙarfe" ta zama ado a kan take, kuma sau da yawa ba a bincika ta.

A 2003 Leadbeater ya buga cewa ya yi haɗin Suzuki babu paladiyam. A 2005 shi da kansa ya dawo ya bayyana cewa akwai paladiyam a cikin sodar da ya yi amfani da ita, kimanin kashi 50 cikin biliyan ɗaya, kuma wannan ɗan mitsitsin ne ya yi aikin. A 2009 Buchwald da Bolm suka nuna cewa wasu ayyukan da aka jingina wa baƙin ƙarfe, ɓurɓushin jan ƙarfe ne ke yinsu. A 2010 Ishihara ya nuna cewa a wasu lokuta asid na fosfet yakan ɗebo kalsiyam wajen tacewa, gishirin kalsiyam ɗin ne mazugin gaskiya. A 2021 ma an buga makamancin da'awar Leadbeater a wata babbar mujalla, aka janye ta kafin shekarar ta fita. In haka ta sami ɗakunan da ke da na'urorin gano ƙarfe, ina ga wanda ke aiki da tsohon maburgin da ya sha tukwane ɗari?

Wannan ya shafi yayin da ake yi yanzu na amfani da tokar ɓawon ayaba ko ta kara ko kanwa a matsayin mazugi. Ba na hana shi, marina sun rigaye mu. Amma toka gishirin fotasiyam da kalsiyam ce, tare da duk ƙarfen da tsiron ya tsotso daga ƙasa. Tokar karan dawar fadamar Moriki da ta tudun Zurmi ba lalle su zo ɗaya ba, kanwa ma kowace da irin tata. Ɗalibin da bai auna kaifin tokarsa da abin da ke cikinta ba, ba wanda zai iya maimaita aikinsa, kuma ba shi da ikon rubuta "babu ƙarfe".

Sa'an nan akwai ƙarfen da ke ɓoye a baya. Asid na fosfet masu hannu, manyan fukafukan da ke ba su ikon zaɓe, da paladiyam ko nikel ake ɗaura su. Ko a letamobir akwai matakin farko da ke bukatar paladiyam. In muka ƙara ja da baya, naitirojin na yuriya da amoniya daga iska aka kamo shi ta hanyar Haber da Bosch, wadda ta fara aiki a Oppau a 1913, mazuginta kuwa baƙin ƙarfe ne. Shi kansa baba, da yake dangin wake ne, bakteriyar saiwarsa da enzayim mai baƙin ƙarfe da molibdinam suke kamo masa naitirojin. Ke nan in an ce babu ƙarfe, mataki ɗaya ko biyu ake nufi, ya kamata marubuci ya faɗi wanne.

Babbar yaudara kuwa tana wajen ruwan narkarwa. Roger Sheldon ya nuna a 1992 cewa masana'antar magani tana fitar da shara kilo 25 zuwa fiye da 100 kan kowane kilo na magani, kuma mafi yawanta ruwan narkarwa ne, mazugi ɗan kaɗan ne a ciki. A aikin List na 2000 an zuba furolin har kashi 30 cikin 100, alhali paladiyam sau da yawa bai kai kashi 1 ba. Na sha ganin kundi mai taken tsabtataccen haɗi da ruwan lemon tsami, in ka buɗe babin hanyar aiki sai ka tarar an tsamo giram ɗaya na samfur da kulorofom, an tace shi da kwalabe na hekzen, sa'an nan duk an tuttule a kwata. Lemon bai wanke wannan ba. Ƙa'idoji 12 da Anastas da Warner suka shimfiɗa a 1998, ta farkonsu hana shara ce, maganar mazugi sai ta tara.

7.0 Abin da ɗakunanmu za su iya

Ba sai mun jira manyan na'urori ba kafin mu yi aiki mai daraja. Samfurin Biginelli da na Hantzsch sukan daskare su fito da kansu, a tace da takarda, a sake narkar da su a etanol, a tabbatar da su da ma'aunin zafin narkewa. Na benzaldehaid da na ambata yana narkewa wajen digiri 202 zuwa 204. Wannan bai fi ƙarfin ɗakin gwaji a Kwalejin Kimiyya da Fasaha ta Tarayya da ke Ƙaura Namoda, ko Jami'ar Tarayya ta Gusau, ko Jami'ar Usmanu Ɗanfodiyo ba. Sharuɗɗan da nake ba da shawara a ɗora wa kowane ɗalibi su ne ya auna duk abin da ya shiga tukunya har ruwan wanki, ya raba da nauyin samfur ya rubuta adadin. Ya gudanar da haɗin sau ɗaya babu mazugi sam, domin haɗin Biginelli yakan tafi da zafi kawai, kuma mazugin da bai fi babu ba, ba mazugi ba ne. In kuma tsamiya ya yi amfani da ita, ya gwada ta kafaɗa da kafaɗa da tataccen asid na tatarik mai daidai tsaminta.

Aikin da na fi ƙwaɗayin a yi shi ne na karofin kansa. A sami yardar marinan da suka rage a Kano da Kura da Zariya, a riƙa ɗibar ruwan rami kullum tun daga ranar haɗi har ranar da ya mutu, a auna kaifinsa da zafinsa da yawan farin shunin da ke ciki, a rubuta kusa da kowane awo abin da marini ya ce game da ramin a ranar, daga launin kumfa da wari da ɗanɗano. Daga waɗannan samfurori ne za a ware bakteriyar da ke aiki a zafin ƙasarmu, a gwada ko za su iya maye gurbin hodar haidurosalfait a robobin masu rinin zamani. Kayan da ake bukata a matakin farko su ne ma'aunin kaifi, da ma'aunin zafi, da kwalabe masu murfi, da ɗalibin da zai jure zama a bakin rami wata biyu.